Lambar 1.77: Yadda Kuskuren Awon Nauyin Mai Ya Kashe Injinan Jirgi a Sararin Kanada

A yammacin Asabar, 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 mallakar kamfanin Air Canada yana tafiya a tsayin ƙafa 41,000 a saman yankin Red Lake da ke lardin Ontario, ɗauke da fasinjoji 61 da ma'aikata 8, sai ƙararrawa ta fara kaɗawa a ɗakin matuƙa, tana nuna cewa ƙarfin turin mai ya ragu a ɓangaren hagu. Jirgin sabo ne fil, watanni kaɗan da fara aikinsa, kuma kwamfutar da ke gaban matuƙan tana tabbatar musu cewa akwai man da zai kai su Edmonton har ya yi saura. Ba a daɗe ba injin hagu ya mutu, na dama ya bi bayansa, aka bar ƙarfe mai nauyin fiye da tan 80 yana gangarowa shiru a cikin iska. Babu abin da ya fashe, kuma babu inda mai ya tsiyaye. Tun a ƙasa ne ba a zuba man da ya kamata ba, kuma silar hakan lamba guda ce da aka yi lissafi da ita a filin jirgin saman Montreal.

Kafin a shiga labarin wannan lamba, dole ne a san abin da ya kamata ta wakilta. Injiniyoyi suna da wani awo da suke kira sifesifik girabiti, wanda a nan za mu kira shi nauyin kwatance, domin ma'anarsa ke nan: a ɗauki mudu ɗaya na wani abu, a ɗauki mudu ɗaya na ruwa, a ɗora su a kan sikeli, a ga sau nawa na farkon ya ninka na biyun. Ruwa shi ne ma'auni, don haka lambarsa 1 ce. Duk abin da lambarsa ta haura 1 zai nutse idan aka jefa shi a ruwa, duk abin da lambarsa ta gaza 1 kuma zai taso sama. Baƙin ƙarfe yana wajen 7.9, zinariya 19.3, ƙanƙara kuwa 0.92, shi ya sa take yawo a saman kofi. Man jirgin sama, wanda ɗan'uwan kananzir ne da aka ƙara tacewa, yana tsakanin 0.775 da 0.840 a ɗumin digiri 15 na ma'aunin Salshiyas. Abu mafi muhimmanci game da wannan lamba shi ne ba ta da wata jela a bayanta. Ba kilo ba ce, ba laba ba ce, ba lita ba ce. Ko da wane mudu aka auna, kuma ko da wane sikeli, amsar ɗaya ce, muddin da abin da aka auna mai da shi aka auna ruwan.

A tsarin awo na kilo da lita akwai wani sauƙi da ya sa mutane da yawa ba sa ma lura da wannan bambanci. Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya, ko abin da ya yi kusa da hakan ƙwarai, saboda haka idan aka ce nauyin kwatancen mai 0.803 ne, to lita ɗaya tasa kilo 0.803 ce, lambobin biyu sun faɗa a kan juna. Amma da zarar an koma awon laba, wannan daidaituwa ta rabu, domin lita ɗaya ta ruwa laba 2.2 ce, lita ɗaya ta man jirgi kuma laba 1.77. A cikin wannan 'yar tazara ce jirgin Air Canada mai lamba 143 ya faɗa.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya sa ake wahalar da kai da nauyi, tun da motar dakon mai da lita take zubawa. Dalilin shi ne injin jirgi ba ruwansa da girman wurin da mai ya cika, abin da ya dame shi shi ne yawan sinadarin da zai ƙona, kuma wannan da nauyi yake tafiya. Mai yana kumbura idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya ji sanyi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk canjin digiri 10, don haka lita ɗaya ta tsakar rana ba daidai take da lita ɗaya ta asuba ba wajen ƙarfin da ke cikinta, alhali kilo ɗaya kilo ɗaya ne a kowane lokaci. Bugu da ƙari, matuƙi yana buƙatar sanin jimillar nauyin jirginsa kafin ya san gudun da zai yi ya tashi da kuma tsawon titin da zai ci. Shi ya sa ake rubuta tsarin tafiya da kilo ko laba, mai sayar da mai kuwa yana ƙirga lita, kuma gadar da ke haɗa su biyun ita ce nauyin lita guda ta man da ke cikin motar a wannan rana da wannan yanayi. A ranakun da komai ke tafiya daidai, na'urorin jirgin ne ke tsallaka wannan gada da kansu, su nuna wa matuƙi kilo a kan allo ba tare da kowa ya ɗauki alƙalami ba.

A wannan rana na'urorin ba su da lafiya. Na'urar da ke auna yawan mai a jirgin 767 tana da hanyoyi biyu masu aiki tare, da nufin idan ɗaya ta lalace ɗayar ta ci gaba, amma a wannan jirgi lalacewar hanya ɗaya takan sa allon gaba ɗaya ya ɗauke. A daren da ya gabata, wani ma'aikacin gyara a Edmonton ya gano cewa idan aka cire maɓallin wutar hanyar da ta lalace, allon yakan dawo aiki da hanya ɗaya. Ya cire maɓallin, ya maƙala masa alama, ya rubuta a littafin gyara, kuma da haka aka tuƙa jirgin zuwa Montreal, da sharaɗin a riƙa tabbatar da yawan man da awon hannu. A Montreal wani ma'aikacin ya mayar da maɓallin don ya gwada na'urar, allon ya ɗauke, sai aka kira shi ya taimaka wajen awon mai, ya sauka ya bar maɓallin a yadda yake. Da Kyaftin Robert Pearson ya shiga ɗakin matuƙa ya ga allon babu komai, bai yi mamaki ba, domin daga hirar da ya yi da matuƙin da ya kawo jirgin ya fahimci cewa a haka aka zo da shi. Littafin ƙa'idojin kamfanin bai yarda a tashi ba idan allon mai ya mutu gaba ɗaya, amma jirgin sabo ne, ana ta yi wa littafin gyare-gyare, kuma Pearson ya ɗauka cewa sashen gyara ya riga ya amince a tafi da awon hannu.

Awon hannu a irin wannan jirgi ana yin sa ne daga ƙarƙashin fiffike. Akwai wasu sanduna masu zane-zanen santimita da aka dasa a ƙasan tankuna, ma'aikaci zai kwance ɗaya ya jawo ta ƙasa a hankali har ta nuna masa inda saman man ya tsaya, ya karanta santimita nawa ne, sannan ya duba wani jadawali da ke mayar da santimita zuwa lita. An yi wannan aiki daidai, aka sami lita 7,682 a tankunan. Tafiyar daga Montreal zuwa Edmonton, wadda ta kusan kilomita 3,000 tare da tsayawa a Ottawa, tana buƙatar kilo 22,300 na mai. Abin da ya rage shi ne a mayar da lita 7,682 zuwa kilo, a cire daga 22,300, sannan a mayar da ragowar zuwa lita don a gaya wa mai mota abin da zai ƙara.

Aka nemi lambar da za a ninka da ita, aka sami 1.77, wadda ita ce ke kan takardar mai zuba man. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba kuskure ya yi wajen awo ba, domin wannan ita ce lambar da ake amfani da ita a dukkan sauran jiragen kamfanin, waɗanda ke ƙirga mai da laba. Kanada ta fara komawa tsarin kilo da lita tun daga 1970, a hankali a hankali, kuma jiragen 767 su ne na farko a Air Canada da aka tsara na'urorinsu a kan kilo. Saboda haka aka ninka 7,682 da 1.77, aka sami 13,597, aka rubuta shi a matsayin kilo alhali laba ne. Aka cire shi daga 22,300, ya rage 8,703. Aka raba wannan da 1.77 ɗin dai, aka sami lita 4,917, kuma wannan adadi ne aka zuba.

Da an yi amfani da 0.803, da lissafin ya nuna cewa abin da ke cikin tankunan kilo 6,169 ne kacal, ana buƙatar ƙarin kilo 16,131, wato lita 20,088. An zuba ƙasa da rubu'in abin da ya kamata a ƙara. Jirgin ya bar Montreal da kimanin kilo 10,100 na mai, abin da bai kai rabin buƙatarsa ba, kuma abin lura a nan shi ne wannan adadi daidai yake da laba 22,300. Lissafin ya cika cif, sai dai a kan wani ma'aunin daban. Pearson ya sake bin lissafin da kansa, ya tarar ninkawa da ragewa da rabawa duk sun yi daidai, domin kuskuren ba a cikinsu yake ba, yana cikin lambar da kowa ya amsa ba tare da ya tambayi ko ta mece ce ba. Aka shigar da 22,300 cikin kwamfutar jirgin, ita kuwa ba ta ganin cikin tanki, abin da take yi kawai shi ne ta riƙa rage abin da injuna suka sha daga adadin da aka ba ta. A Ottawa an sake jawo sandunan, aka sami lita 11,430, aka sake ninkawa da lambar laba, aka shigar da 20,400 a matsayin kilo, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce kimanin kilo 9,200 ba. Dama ta biyu ta kuɓuce ta hanyar da ta farko ta kuɓuce.

A nan ne nake ganin darajar nauyin kwatance ta fito fili, kuma a nan ya kamata ɗalibin injiniya ya tsaya ya daɗe. Idan mutum ya ce lita ɗaya ta man jirgi tana da nauyin kilo 1.77, to yana cewa ne man ya kusan ninka ruwa sau biyu a nauyi, kuma idan aka zuba shi a bokitin ruwa zai nutse ya kwanta a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin kananzir ya ɗiga a cikin ruwa ya san ba haka abin yake ba, domin yakan taso ya shimfiɗu a sama yana ƙyalli. Ma'aikatan jirage ma sun san haka a aikace, tun da a ƙasan tanki ake saka bututun tsiyaye ruwan da ya taru, saboda ruwa ne ke nutsewa a cikin mai. Wato ilimin da zai kama wannan kuskure yana hannun duk waɗanda suka tsaya a ƙarƙashin jirgin a ranar, amma lambar ta zo musu a matsayin abin ninkawa kawai, wadda aka saba gani a kan takarda shekara da shekaru, ba a matsayin bayani game da wani abu mai nauyi da za a iya kwatanta shi da ruwa ba. Da wani ya tambaya cewa 1.77 ɗin nan, a ma'aunin da ruwa yake nawa, da amsar ta zama 2.2, kuma 1.77 a raba da 2.2 ya ba da 0.80. Wannan shi ne amfanin awon da ba shi da jela: yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa, yana tilasta wa mai lissafi ya tuna da ruwa, kuma ruwa abu ne da kowa ya san halinsa.

Ban faɗi haka don in ɗora wa mutanen da ke wurin laifin rashin tunani ba. Jirgi yana jiran tashi, fasinjoji sun shiga, lambar da aka kawo kuma lamba ce ta gaskiya da ta yi aiki dubban lokuta. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da wannan lissafi yake wuyansa. A tsofaffin manyan jirage mutum uku ne ke zama a gaba, matuƙa biyu da injiniyan jirgi, kuma shi injiniyan ne ke kula da sha'anin mai. Jirgin 767 an ƙera shi ne don mutum biyu, aka miƙa aikin na ukun ga kwamfuta, amma ba a fayyace wanda zai ɗauki alƙalami ba a ranar da kwamfutar ta gaza. Matuƙan ba a horar da su a kan wannan lissafi ba, masu gyara ma haka, kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin wanda ya fi sani.

Abin da ya biyo bayan mutuwar injunan shi ne ya fi shahara, ko da yake ba shi ne jigon wannan nazari ba. Da injuna suka tsaya, wutar lantarki ta ɗauke, allunan gaban matuƙa suka yi duhu, sai wata 'yar farfela ta gaggawa ta sauko daga cikin jirgin, iska tana juya ta, tana ba da ɗan ƙarfin da za a iya sarrafa fikafikai da shi. Pearson gwani ne wajen tuƙa jirage marasa inji waɗanda iska kawai ke ɗauka, kuma wannan ilimi ne ya yi musu rana. Mataimakinsa, Maurice Quintal, ya riƙa lissafa tsayin da suke rasawa da nisan da suke ci, ya ga suna sauka ƙafa 5,000 a duk mil 10 na teku, ya gane ba za su kai filin jirgin Winnipeg, inda suka nufa don saukar gaggawa, ba. Sai ya kawo shawarar Gimli, wani tsohon sansanin sojan sama a lardin Manitoba inda ya taɓa yin aiki. Bai san cewa an mayar da ɗaya daga cikin titunan sansanin filin tseren motoci ba, kuma a wannan rana akwai iyalai da suka taru a wurin. Da suka matso, jirgin ya yi sama da yawa kuma babu halin zagayowa, sai Pearson ya karkatar da shi ya tafi a kaikaice don iska ta rage masa tsayi, dabarar da aka saba yi da ƙananan jirage. Tayar gaba ba ta kulle ba, ta lanƙwashe da suka taɓa ƙasa, hancin jirgin ya riƙa gurzar kwalta har ya tsaya kafin ya kai ga jama'a. 'Yar wutar da ta tashi a hancin, masu tseren motoci ne suka taimaka aka kashe ta da tukwanen kashe gobara. Babu wanda ya rasu, mutum goma ne suka ji ƙananan raunuka wajen fita ta tsanin gaggawa na baya, wanda ya yi tsayi da yawa saboda wutsiyar jirgin ta ɗaga sama.

Kamfanin ya fara da hukunta ma'aikatansa: aka rage wa Pearson matsayi na wata shida, aka dakatar da Quintal na mako biyu, aka kuma dakatar da masu gyara uku. Amma hukumar binciken da gwamnatin Kanada ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a George Lockwood, wadda ta fitar da rahotonta a 1985, ta duba abin da faɗi, ta nuna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton ya yaba wa ƙwarewar matuƙan da ma'aikatan cikin jirgi wajen ceton rayuka, bai wanke su daga kuskuren tashi da allon mai a mace ba, amma ya ɗora babban kaso na laifin a kan tsarin kamfanin: rashin fayyace wanda ke da alhakin lissafin mai idan na'ura ta gaza, ƙarancin horo a kan sabon tsarin awo, da rashin isassun kayan gyara, domin da akwai sabuwar na'urar awon mai a ajiye da tun farko an sauya ta. Ya kuma ba da shawarar a mayar da dukkan jiragen kamfanin kan tsarin kilo ba tare da ɓata lokaci ba, tun da tafiyar da jirage masu ma'auni biyu a fili ɗaya, da ma'aikata ɗaya, da motocin mai ɗaya, ta fi haɗari a kan tsayawa a kan kowanne daga cikin biyun. A wannan shekara ta 1985 ne kuma hukumar wasannin jiragen sama ta duniya ta karrama Pearson da Quintal da lambar yabo ta gwanintar tuƙi.

Kayan da ake auna nauyin kwatance da shi ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Bututun gilashi ne siriri mai nauyi a gindi da zane-zanen lambobi a wuya, ana zuba samfurin mai a cikin doguwar kwalba, a saki bututun a ciki, ya nutse zuwa wani wuri ya tsaya yana lilo. Idan man mara nauyi ne bututun yakan nutse sosai, idan mai nauyi ne yakan taso, kuma lambar da ta yi daidai da saman man ita ce amsa, sai a duba ma'aunin zafi a gyara ta zuwa digiri 15. Irinsa ne mai gyaran batir ke tsotso ruwan batir da shi, ya ga ko ya kai wajen 1.27 na cikakken caji, kuma da irinsa ake gane madarar da aka sirka da ruwa, domin ta ƙwarai tana wajen 1.03. A duk waɗannan wurare tambayar ɗaya ce, wato nawa ne wannan abu idan ruwa 1 ne. A Montreal an san amsar man da ke cikin motar daidai-wa-daida, sai dai an faɗe ta da harshen laba ga jirgin da kilo kawai yake ji.

Jirgin kansa bai yi wata mummunar lalacewa ba. An yi masa gyaran wucin gadi a Gimli, bayan kwana biyu aka tashe shi zuwa Winnipeg don cikakken gyara, ya koma ɗaukar fasinjoji, mutane suna kiransa da laƙabin Gimli Glider da ya samo daga sunan wannan gari. Ya ci gaba da aiki a Air Canada har zuwa watan Janairun 2008, lokacin da aka tuƙa shi tafiyarsa ta ƙarshe daga Montreal zuwa hamadar Mojave a Kalifoniya, kuma Pearson da Quintal suna cikin waɗanda suka raka shi.